Ƙugiyar Baƙaƙe Uku

Kun san baƙaƙen nan uku masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ. Cikin shekarun 1930 aka shigo da su rubutun boko, a Zariya. Kafin nan ɗigo ake sa wa a ƙarƙashin baƙin. Da alli ko fensir ba su da wuya. Amma yau wasiƙa ta koma cikin waya da kwamfuta, mutane da yawa kuwa sun yar da ƙugiyar.

To, ku duba ɓarnar. Mutumin Ngaski yana so ya ce ƙura ta tashi a kasuwar Wara. Ya bar ƙugiya, ya rubuta kura. Ɗan'uwansa na Shanga ya karanta, hankalinsa ya tashi. Haka kuma wajen masunta. Jirgi shi ke kafewa, ruwa shi ke ƙafewa. Wanda ya je fada a Yelwa gaisuwa ya je, ba faɗa ba.

Ba mu kaɗai ke da irin waɗannan baƙaƙe ba. A 1928 shugaban Turkiyya, Mustafa Kemal, ya sa aka bar rubutun Larabci aka koma boko, aka buɗe wa manya ajujuwa irin namu. Haruffansu 29 ne. Suna da i mai ɗigo da ı marar ɗigo. Kir datti ne a bakinsu, kır kuwa karkara. Su dai sun ba kowane harafi gurbinsa a keken rubutu da kwamfuta. Namu injunan yawanci don Turanci aka ƙera su, shi ya sa sai mun nema.

Neman ba shi da tsawo. A waya, ka sa wani yaro mai ido ya ƙara maka Hausa cikin allon rubutu na Gboard. Daga nan ka danne k, kada ka ɗaga yatsa da sauri, ƙ za ta fito. Haka b da d.

A kwamfuta kowane harafi yana da lambarsa. Cikin Microsoft Word ka buga 0199, sa'an nan ka danna Alt da X tare, sai lambar ta zama ƙ. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ɓ kuwa 0253. Ku rubuta ukun nan a bayan littafinku, don ranar da za ku kai takarda wajen mai bugawa a Yelwa.