Lissafin Tafiyar Wutar Daji

Ran 5 ga watan Agusta, 1949, wuta ta kama a wani kwari da a ke kira Mann Gulch, cikin jihar Montana ta Amurka. Aka sauke ma'aikatan kashe wuta daga jirgin sama da laima. Da la'asar sai wutar ta tsallako ta ƙasansu, ta biyo su sama cikin busasshiyar ciyawa. Suka sheƙa da gudu, amma ta fi su sauri. Mutum 13 suka rasa rayukansu.

Wannan masifa ta nuna cewa sanin wuta da ido kaɗai ba ya isa. Cikin 1960 hukumar gandun daji ta ƙasar ta buɗe ɗakin binciken wuta a garin Missoula. A nan wani injiniya, Richard Rothermel, da abokan aikinsa suka yi ta shimfiɗa busassun ganyaye suna cinna musu wuta, suna hura musu iska da inji, suna auna saurin tafiyar harshenta. Cikin 1972 ya fito da lissafinsa, wanda ya tsaya a kan abubuwa huɗu, watau irin ciyawa da itatuwan wurin, da yawan laimar da ke jikinsu, da ƙarfin iska, da hawan ƙasa. Dalilin shigar hawan ƙasa shi ne, in wuta tana hawan tudu harshenta yakan kwanta kusa da ciyawar da ke gabanta, ya gasa ta tun bai isa gare ta ba. Masana na Ostareliya sun auna cewa duk ƙarin hawa na digiri 10 yakan ninka saurinta.

Da kwamfuta ta yawaita, sai aka ɗora mata wannan lissafi. Wajen 1998 Mark Finney ya bayyana wani tsari mai suna FARSITE. A kan ba na'urar taswirar daji an yanka ta ƙananan gidaje kamar na dara, kowane gida da bayanin ciyawarsa da tudunsa, a ƙara mata labarin iska. Ita kuwa sai ta zana inda bakin wutar zai kai bayan awa ɗaya, ko shida, ko kwana guda. Da wannan shugaban aiki ya ke sanin inda zai tsai da mutanensa, da garin da za a fara kwashewa.

Amma fa lissafin daji ne, ba na gari ba. Ran 8 ga Nuwamba, 2018, wuta ta auka wa garin Paradise a jihar Kalifoniya, ta kashe mutum 85, ta cinye gine-gine fiye da 18,000. Iska ce ta riƙa ɗaukar garwashi tana jefawa cikin gari tun bakin wutar yana nesa, gida ya kama ya kunna wa maƙwabcinsa. Saboda haka yanzu masana suna ƙoƙarin shigar da gidaje da tashin garwashi cikin lissafin. Binciken wani masani, Jack Cohen, ya nuna cewa kamawar gida ko tsirarsa ta fi dogara ga irin rufinsa da abin da ke kewaye da shi, misalin ƙafa 100.

To, jama'a, wannan magana ta shafe mu. In hunturu ya kama, ciyawa ta bushe, ga jinka, ga dangar kara, ga rumbuna cike da hatsi a bakin gari. Abin da na'ura ta tabbatar shi ne abin da manoma suka saba tun kaka da kakanni: a share kewayen rumbu, a nisantar da tarin kara daga ɗaki, kada a sa wa daji wuta ran da iska ke kaɗawa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.