Daga Yadakunya Zuwa Ƙaraye: Yadda Mishan Suka Shiga Harkar Lafiya a Ƙasar Kano

Wanda ya tashi a ƙauyukan Ƙaraye da Rogo ya san cewa idan yanar ido ta rufe wa dattijo gani, ba a daɗe ana shawara ba sai wani ya ambaci asibitin ido na ECWA da ke Sabon Garin Kano. Musulmi da Kirista duk layi ɗaya suke bi. Asibitin ya fara aiki a 1943 a hannun ƙungiyar Sudan Interior Mission, wato SIM, kuma labarin zuwansa ya fi yadda ake zato sarƙaƙiya.

Shekaru da dama bayan cin Kano a 1903, Turawan mulki sun hana mishan sakewa a masarautun Musulmi, domin gudun ɓata wa sarakuna rai. Kuturta ce ta buɗe ƙofar. Hukumomin En'e ba su da likitocin da za su kula da kutare, mishan kuwa suna da ma'aikata da kuɗin da masu ibada ke tarawa a majami'un Amurka da Kanada da Ingila. A 1937, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, SIM ta karɓi aikin kutare na Kano, wanda cibiyarsa ta zama Yadakunya, inda ake kira Asibitin Bela a yau, kamar yadda ta karɓi na Babbar Ruga a Katsina da na Amanawa a Sakkwato. Daga nan ƙananan ɗakunan shan magani suka bazu zuwa karkara, har da Ƙaraye, yankin da Maguzawa ke da yawa.

Babu amfanin ɓoye cewa bishara ce manufar farko. Su kansu mishan ba su taɓa musun haka ba, kuma shi ya sa wasu iyaye suka yi ta ɗari-ɗari da su. Sai dai mai gyambo da ya yi tafiyar yini guda a ƙafa ba muhawarar tauhidi ta kawo shi ba. Magani yake nema, kuma a wurare da yawa babu wani mai bayarwa.

Wannan salo na ƙaramin ɗakin magani da ma'aikacin da aka horar daga cikin mutanen gari ya yi tasiri har a duniya. Hukumar lafiya ta Majalisar Majami'un Duniya, wadda aka kafa a 1968, na cikin waɗanda suka ja hankalin Hukumar Lafiya ta Duniya zuwa ga kiwon lafiya a matakin farko, tunanin da aka amince da shi a taron Alma-Ata na 1978. A wannan tsakanin ne gwamnatocin soja a Najeriya suka karɓe asibitocin mishan da dama, ciki har da na kutare.

Abin da ya rage a hannun coci yana rayuwa ne da kuɗin marasa lafiya da kuma gudummawar waje, wadda ba ta da tabbas. Dakatar da tallafin USAID a 2025 ya nuna yadda shawarar da aka yanke a Washington kan iya barin kantar magani fayau a ƙauyen da ba a taɓa jin sunansa a can ba.

A doka kuwa, nauyin ba na coci ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, kuma manufar gwamnati ita ce kowace mazaɓa ta samu cibiya ɗaya mai aiki. Mazaunin Rogo na da ikon zuwa cibiyar mazaɓarsa ya tambayi kwamitin raya mazaɓa ko kuɗin sun iso, nawa ne, ungozoma nawa ke kwana a wurin, da kuma wanda ke sa hannu kafin a cire ko kwabo.