An Sake Mudun Awon Gonaki A Amurka

A ƙasar Amurka birni yana cin gona kamar yadda gara ke cin zana. Wata ƙungiyarsu mai suna American Farmland Trust ta yi lissafi, ta ce daga 2001 zuwa 2016 gonaki da makiyaya eka miliyan 11 suka fita daga hannun manoma, waɗansu aka gine su, waɗansu aka yayyanka su filayen gidaje. Wajen eka 2,000 ke nan kowace rana ta Allah. Ƙasar da aka malale da kwalta kuwa ta yi ban kwana da garma ke nan.

Mutanen jihar Pensilbaniya suka nemi dabara. Cikin 1987 suka jefa ƙuri'a suka yarda Gwamnatinsu ta ci bashin dala miliyan 100 saboda tsare gonaki, a 1988 aka kafa dokar, a 1989 aka tsare gonar farko. Ga yadda abin yake. Gwamnati ba ta karɓe gona, haƙƙin yin gini a cikinta kaɗai take saye. Masu ƙima su faɗi abin da magina za su biya, su kuma faɗi kuɗin gonar in don noma za a saye ta, sai a biya manomi ratar da ke tsakani. Gona tana nan tasa, ya noma, ya sayar, 'ya'yansa su gada, amma an rubuta a takardarta ba za a mai da ita unguwa ba har abada. Gonakin da aka tsare ta haka a jihar sun haura 6,000, faɗinsu ya wuce eka 600,000, wani kaso na kuɗin kuwa daga harajin taba yake fitowa.

To, masu nema sun fi kuɗin yawa. Saboda haka kowace gunduma takan jera gonakin masu nema bisa ga maki, kamar yadda malami ke jera 'yan aji bayan jarrabawa, a fara daga na ɗaya har inda kuɗin bana ya tsaya. Wanda layi ya yanke a kansa sai ya jira baɗi, mai sayen fili kuwa yana bakin ƙofarsa da kuɗi a hannu. Hanyar ba da makin, wadda suke kira LESA, ma'aikatar gona ta Amurka ce ta shirya ta a 1981. Dokar Pensilbaniya ta ce kyawun ƙasa ba zai gaza kashi 40 cikin 100 na makin ba. Sauran ana duba ko birni ya matso, da halin da gonar take ciki, da kuma ko tana maƙwabtaka da gonakin da aka riga aka tsare, don gona ɗaya tilo a tsakiyar gidaje ba ta daɗewa mai ita bai gaji da ƙarar maƙwabta ba.

Dā da taswirar takarda da fensir ake wannan aiki. Yanzu kwamfuta ke ɗora taswira bisa taswira: ta iyakokin gonaki, da ta irin ƙasa, da ta hanyoyi da bututun ruwa. Ofisoshi da yawa sun gina lissafinsu a kan wata manhaja mai suna ArcMap, ta kamfanin Esri da ke Kalifoniya, wadda ta fito tun 1999. Kamfanin ya fito da magajiyarta, ArcGIS Pro, a 2015, ya kuma tsai da watan Maris na 2026 ya zama ƙarshen kulawarsa da tsohuwar. Duk gundumar da ta dogara da ita, ƙaura ta kama ta.

Mai karatu zai ce ai wannan aikin makanikai ne. Duk akawun da ya taɓa kwafe tsohuwar rajista cikin sabon littafi ya san a wurin kwafa ne bakwai ke komawa ɗaya. Umurnin da ake rubuta wa ArcMap da wani harshen kwamfuta ne mai suna Python, fitowa ta 2, wadda masu ita suka daina gyara tun farkon 2020. Sabuwar manhaja da fitowa ta 3 take aiki. Malaman lissafi su lura da wannan: in aka ce wa ta 2 ta raba 7 gida 2, amsarta 3, ta zubar da ragowa. Ta 3 kuwa 3.5 take cewa. In aka ce su cike 2.5 ya zama cikakkiyar lamba, tsohuwar ta hau zuwa 3, sabuwar ta sauka zuwa 2. Ba wadda za ta yi kuka ta ce an yi kuskure, kowacce a wurinta daidai ta yi.

Har wa yau, ita kanta taswirar ƙasa ba a zaune take ba, gama ma'aikatar gona takan sabunta bayananta sau ɗaya a shekara. Mu ɗauki misali namu. Gona eka 100, eka 60 ƙasa ce ta fari mai daraja 100, eka 40 mai daraja 50. Matsakaicinsu 80, kashi 40 cikin 100 na wannan kuwa maki 32. Sai masu safiyo suka gusar da layi, ya zama 50 da 50. Matsakaici ya koma 75, maki 30. Manomin bai taɓa ko ƙwayar turɓaya ba, ya wayi gari maki 2 sun tafi. Inda gonaki suka cunkushe a bakin layi, maki 2 suna iya zama shekara guda ta jira.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan nauyi a ganina. Mai sake rubuta lissafin zai tarar da wuraren da dokar gunduma ta yi shiru. Nisan gona da bututun ruwa, daga iyakarta za a auna ko daga tsakiyarta? Gonar da hanya ta raba da wadda aka tsare, maƙwabciya ce ko kuwa? Wani ya taɓa yanke waɗannan shekaru da suka wuce, watakila ya yi ritaya bai rubuta dalili ba. In sabon ma'aikaci ya yanke nasa shi kaɗai a gaban kwamfuta, ya sake doka ke nan ba da sanin majalisar da aka naɗa don ita ba, alhali kuɗin jama'a ne ake rabawa. Ban ga laifinsa ba, aiki aka ba shi da wa'adi. Amma lalle irin waɗannan tambayoyi a rubuce ya kamata su je gaban majalisa, a yanke su a zaman da manoma za su iya halarta.

Gwajin kuwa ba shi da wuya, kowane hedimasta ya san irinsa. A ɗauko takardun masu neman bara, a ba tsohuwar manhaja da sabuwar, da taswira iri ɗaya, a jera amsoshinsu gefe da gefe. Duk gonar da makinta ya motsa a bi sawu har a gane dalili. Bayan wannan a sa sabuwar taswirar ƙasa a sake gwadawa, don a rarrabe abin da safiyo ya sake da abin da manhaja ta sake. Sa'an nan ne za a buga wasiƙu a aika wa manoma, kowa da lambarsa, da makinsa kashi kashi, da sunan ofishin da zai je in yana da ja.