Ko Kun Sani? Bafaranshen da aka raɗa wa kuka sunansa

Ko kun san cewa bishiyar kuka, wadda ganyenta ke ba mu miya, a littattafan kimiyya tana amsa sunan wani Bafaranshe ne? Michel Adanson ke nan, masanin tsirrai da aka haifa a Aix-en-Provence a 1727. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa mata Adansonia digitata don girmama shi.

Adanson yana ɗan shekara 22 ya sauka Senegal a 1749. Ya shafe shekaru yana ratsa daji da bakin teku, yana tara ganyaye, iri da ƙwari, har ya koyi harshen Wolof. Ya bayyana kuka dalla-dalla, kuma a 1757 ya fitar da littafinsa kan halittun Senegal.

Babban aikinsa shi ne Familles des plantes na 1763. A zamanin, yawancin masana na bin tsarin Linnaeus, suna rarraba tsirrai ta ƙirga sassan haihuwa da ke cikin fure. Adanson ya ce hakan bai isa ba: a duba saiwa, kara, ganye, fure, 'ya'ya da iri gaba ɗaya kafin a yanke wa tsiro dangi. Da haka ya kasa tsirrai gida 58. Gaskiya tana wurinsa, amma mutanen zamaninsa ba su ba shi haƙƙinsa ba.

Juyin juya halin Faransa ya jefa shi cikin matsanancin talauci. Ya rasu a Paris a 1806.