Kafin a ce "bincike ya nuna": siraɗin da rahoton allurar sanƙarau ta Chadi ya tsallake

Duk wanda ya girma a Sabangali ko wata unguwa ta N'Djamena ya san fargabar watannin zafi, lokacin da yaro zai kwana da zazzaɓi ya tashi wuya ya sanƙare. A watan Disambar 2011 aka yi wa mutum kusan miliyan 1.8, 'yan shekara 1 zuwa 29, allurar MenAfriVac a N'Djamena da Chari-Baguirmi da Mayo-Kebbi ta Gabas. Da zafin 2012 ya zo, mutum 57 aka samu da sanƙarau a waɗannan yankuna, alhali sauran ƙasar, inda allurar ba ta kai ba tukuna, an ƙirga 3,809. Idan aka auna da yawan jama'a, bambancin ya kai kashi 94 cikin ɗari.

Dakta Doumagoum Moto Daugla na cibiyar CSSI da ke nan N'Djamena, shi da abokan aikinsa, ciki har da Farfesa Brian Greenwood na Landan, suka rubuta sakamakon. Mujallar The Lancet, wadda ake bugawa tun 1823, ta fitar da shi a intanet a 2013. To, me ke faruwa tsakanin aikawa da bugawa?

Edita ne mai gadin ƙofa, kuma mafi yawan rubuce-rubucen da ke zuwa irin wannan mujalla daga teburinsa suke komawa gida. Wanda ya tsira sai a tura wa wasu masana da ba su da hannu a aikin, galibi har da gwanin lissafi. Yawanci ba ko sisi suke samu ba, kuma sau da yawa marubuci bai san sunayensu ba. Aikinsu neman ɓaraka. A bincike irin na Chadi, mai bita zai ce: ai sanƙarau zuwa yake ya tafi, ina shaidar cewa ba da kansa ya lafa ba? An ƙirga marasa lafiya da ma'auni ɗaya a kowane yanki kuwa? Rahoton na da abin kare kansa. Ya kwatanta yankuna a shekara guda, sannan a Mandelia an duba maƙogwaron jama'a: kafin allura mutum 32 cikin 4,278 na ɗauke da ƙwayar cutar nau'in A, bayan allura mutum 1 tak cikin 5,001. Marubuta kan amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, su gyara, wani lokaci a sake dawo musu da shi. Hukuncin ƙarshe na edita ne.

Sai dai fa masu bitar takarda suke karantawa, ba sa zuwa Mandelia su buɗe kundin asibiti. Wanda ya shirya ƙarya da kyau yana iya wucewa. Wannan mujallar dai ita ta buga rahoton Andrew Wakefield a 1998, kan yara 12 kacal, wanda ya jefa wa iyaye tsoron allurar ƙyanda, ba ta janye shi ba sai 2010. A Mayun 2020 kuma ta buga wani kan maganin hydroxychloroquine da korona, cikin mako biyu aka janye, don kamfanin Surgisphere ya ƙi bari a duba bayanan da ya bayar.

A ganina, abin da ya ƙarfafa rahoton Chadi shi ne abin da ya biyo baya: a ƙasashen da suka yi allurar, daga Burkina Faso zuwa Nijar da Najeriya, sanƙarau nau'in A ya kusa ɓacewa. Sauran nau'o'in, irin su C da W, suna nan, shi ya sa a 2024 Najeriya ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar.