Wa Ke Shan Ruwan Randa?

A wata makarantar firamare da ke cikin Ƙofar Kabuga, ba nisa da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, ruwan randar 'yan aji biyu ya riƙa raguwa ba a san mai sha ba. Ranar Juma'a a cika ta, a rufe da faifai, a kulle aji, amma Litinin da safe sai a tarar ruwan ya sauka. Watan Maris ne, hunturu ya ja jiki, bazara ta kunno kai, iska a bushe ƙamas.

Yaran ba su rasa wanda za su zarga ba. Wasu suka ce Baba mai gadi ne. Wani yaro ya rage murya ya ce aljanun ganuwa ne, domin unguwar tana jikin tsohuwar ganuwar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, kuma ta ƙofar nan sojojin Turawa suka shigo Kano a 1903. Wurin da ya ga irin wannan tarihi, ai ba a raba shi da labarai.

Malamar ajin ta san amsar, amma ta ƙi faɗa. Ta ce: «Kafin mu kama ɓarawo, mu tabbatar an yi satar.» Ta sa aka kawo kara, aka tsoma cikin randa, aka yi alama da biro daidai inda ruwa ya tsaya. Aka ɗaure bakin randar da ƙyalle, aka barbaɗa toka a ƙasa kewaye da ita. Litinin ta zo, ƙulli yana nan yadda aka bar shi, babu sawun mutum a toka, babu na kyanwa ko ɓera, amma ruwa ya sauka ƙasa da alama da kusan faɗin yatsa biyu. Baba mai gadi ya fita daga zargi, kuma ta sa suka je suka ba shi haƙuri.

Sai wata yarinya ta ce: «Malama, ko ta tsage ne tana yoyo?» Aka ɗora randar a kan gammo, aka sa faranti a ƙarƙashi. Washegari farantin a bushe yake.

Nan malamar ta kawo bokitin roba mai murfi, ta zuba ruwa, aka yi wa wani karan alama, aka ajiye shi gefen randa. Idan aljanu ne, ai ba za su zaɓi mazubi ba. Bayan hutun ƙarshen mako ruwan bokiti bai motsa ba, na randa ya sake sauka. Zargi ya koma kan randar kanta. Ta ce kowa ya zo ya shafa jikinta, sannan ya shafa na bokiti. Yarinyar nan ta ɗaga tafin hannunta ta ce: «Malama, randar tana gumi kamar mu!» Naso ne, wanda kowace uwa a cikin birni ta sani. Yumɓun da aka gasa yana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, ruwa yana ratsa su a hankali har ya fito waje.

To amma idan ya fito, ina yake zuwa, tunda bai ɗiga a faranti ba? Malamar ta jiƙa hannayenta biyu ta manna a allo, aka samu shaida biyu baƙi ƙirin. Ta ba wani yaro mafici ya riƙa fifita guda, aka bar ɗayar. Yaran suna kallo wadda ake fifitawa ta fara cinyewa daga yatsu, ta dushe, ta ɓace, alhali 'yar'uwarta tana nan da sauran laima. Ajin ya kaure da ihu: iska ce ɓarauniyar. Ruwan ya zama tururin da ba a gani, ya bi ta.

Da a nan aka tsaya da an yi asara, domin yaran da kansu sun tono wata tambayar: me ya sa ruwan randa yake da sanyi, na bokiti kuwa ɗumi-ɗumi, alhali ɗaki ɗaya suka kwana? Mai maganar aljanu ya ce don da ƙasa aka gina ta, shi ya sa zauren kakansa ma yake da sanyi. Ba shirme ya faɗa ba, ginin ƙasa mai kauri yana jinkirta shigar zafin rana. Malamar ta sayo ƙananan tuluna biyu iri ɗaya, aka shafe bayan guda da fentin mai ya bushe. Dukansu na ƙasa ne, amma mai fenti bai yi naso ba, ruwansa bai ragu ba, kuma bai yi sanyi ba. Sai ta ce kowa ya jiƙa bayan hannunsa ɗaya ya hura, sannan ya hura busasshen. Wanda duk ya taɓa alwala da hunturu ya san wannan sanyin.

Ashe satar da sanyin abu ɗaya ne. Ruwa ba ya zama tururi sai ya sami zafi, kuma daga jikin abin da yake kai yake ɗebo shi. Ba ƙaramin zafi ba ne kuwa: cokali ɗaya da ya tashi yana tafiya da abin da ya isa ya sauke zafin cokali sama da 500 da digiri ɗaya. Da wannan dabara Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya haɗa tukunya cikin tukunya a shekarun 1990, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, don adana tumatir da yalo a ƙauyukan da babu lantarki. Aikin ya ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000.

A ganina, yawancin azuzuwanmu suna fara kimiyya ta baya. Ana rubuta ma'ana a allo da Turanci, yara su rera ta har su haddace, su zuba a jarrabawa, kuma ba su taɓa haɗa ta da randar tsakar gidansu ba. Ana kukan babu ɗakin gwaji, gaskiya ne babu, amma duk kayan da malamar nan ta yi aiki da su ana samunsu a kowace kasuwar unguwa.

Kafin ta rufe maganar ta tambaye su: idan iska ta ƙoshi da laima, za ta ci gaba da sata? Ajin ya rabu biyu. Aka rataye karan a bango har watan Yuli, damina ta kankama, aka sake cika randa aka ɗaure. Wannan karon ruwan ɗan kaɗan ya sauka, jikin randar ya daɗe da jiƙa bai bushe ba, kuma da suka ɗiba da moɗa suka kwatanta da na bokiti, da ƙyar suka ji bambanci.