Kumashide, Bishiyar Japan Da Ake Raino A Kasko

Mutane da dama suna zaton bonsai wani irin itace ne da Allah Ya halitta gajere. Ba haka ba ne. Bishiya ce kamar kowace, sai dai an tsare ta a ƙaramin kasko, ana rage mata rassa da saiwoyi shekara da shekaru har ta yi kama da tsohuwar bishiyar daji alhali tsawonta bai wuce kamu biyu ko uku ba. Fasahar ta samo asali daga Sin, Japanawa suka raya ta.

Daga cikin itatuwan da suke rainon akwai kumashide, wanda masana tsirrai ke kira Carpinus japonica. Ganyensa dogo ne mai jijiyoyi jere reras, yana zama rawaya kafin ya zube da shigowar sanyi. Zubar ganyen ma ado ne a wurinsu: baje kolin bonsai na Kokufu da ake yi a Tokyo tun 1934 a watan Fabrairu yake faɗowa, lokacin da irin waɗannan itatuwa suke tsirara, kowane reshe a fili, babu inda mai raino zai ɓoye sakacinsa.

Ruwa shi ne babban aikin. Ƙasar kaskon ba ta son bushewa, ba ta kuma son ruwa ya kwanta, shi ya sa ake amfani da akadama, jar ƙasa mai tsakuwa-tsakuwa da ke tsane ruwa. Rana mai zafi da busasshiyar iska suna ƙone bakin ganyen, don haka da rana ta take sai a mayar da shi inuwa. Sabon reshe kuwa a bar shi ya ɗan miƙe, sannan a datse a bar ganye biyu. Idan an naɗa waya don lanƙwasa reshe, a riƙa dubawa, domin ɓawonsa santsi ne, tabon waya ba ya saurin ɓacewa. Sauya ƙasa da rage saiwa ana yi ne duk shekara biyu ko uku, gab da toho.

Sai dai fa itacen waje ne, ba na falo ba, kuma dole ya yi barcin sanyi na watanni. Hunturunmu bai kai wannan sanyin ba. Mai sha'awa a Kano ko Damagaram kada ya ɓarnatar da kuɗinsa. Ya nemi tsamiya, kuka ko cediya, duk suna karɓar wannan raino.